Fuskar Kawu Idi Tana Kibiya

Da wannan daminar da muke ciki, Kawu Idi mai hoto ya cika shekara bakwai a ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk wanda ya zauna Rano ko na ɗan lokaci ne ya san shi: dogo, siriri, kyamara rataye a wuya kamar laya. Wan mahaifiyata ne, kuma shi ne ɗan farin kakarmu, Iya. Ni sunana Sabo, ni ma hoton nake ɗauka a gidajen biki, sai dai in Kawu zai dawo ya ga irin nawa ɗaukan, da bulala zai fara gaisawa da ni. Bokona a aji uku ya tsaya, don haka wanda ya zo neman Hausar littafi a wannan shafi ya yi haƙuri. Yadda nake magana a bakin tasha haka zan rubuta.

Yanzu in an zauna ana tuna shi, sai ka ji ana cewa mutum ne mai faran-faran, mai son jama'a. To, mamaci ba a faɗin aibunsa, amma kuma ai ba a yi masa ƙarya. Kawu bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi sau biyu a wuni ɗaya, sai ya shafa aljihu. In ka yabi takalminsa, ranar a gabansa zai ajiye su in zai yi salla. In ka miƙo masa goro ba biki ba suna, zai karɓa ya jujjuya shi ya ce, "Da walakin, goro a miya. Faɗi abin da ya kawo ka." Duk duniya ba abin da yake tsoro irin kyauta. Cewa yake yi abin da aka saya an gama da shi a kasuwa, na kyauta kuwa har gida yake biyo mutum.

Shagonsa yana kusa da tasha, jikin shagon wani dattijo da muke ce wa Baba Tela. A ciki akwai labule da aka zana wa gidan bene da jirgin sama yana wucewa ta kai, da fulawar roba, da wata tsohuwar tarho wadda ko igiya ba ta da ita. Da kaka, in manoma sun sayar da amfani, sai ka ga mutumin Rurum ya zo da sabuwar riga, ya zauna gaban gidan bene, ya kara tarho a kunne yana murmushi kamar gwamna ne a layi. Kawu ya gyara masa hula, ya ɗaga masa haɓa, ya ce kar ya ƙifta. In fim ya cika ya kai Kano a wanke.

Amma ba gidan benen ne ya sa ake zuwa wurinsa ba. Ranar da ka zo karɓa, a cikin ambulan ɗinka za ka tarar da abu biyu: hotonka, da nagatif, wato ɗan baƙin fim ɗin nan da ake sake wanko hoto da shi. A gabanka zai sa almakashi ya yanke naka daga cikin na sauran, ya zura, ya miƙa maka ya ce, "Ka biya, na sallame ka. Fuskarka ba ta kwana a wurina." Sauran masu hoto riƙe nagatif suke yi don ka dawo neman ƙari. Shi ya san yana asarar wannan cinikin, ko a jikinsa. Waɗanda aka ɗauka ba su dawo karɓa ba kuwa, in sun daɗe, sai ya zuba hotunan a kasko a bayan shago, ya kira Baba Tela ya tsaya shaida, ya sa musu wuta. Ko da kyamarar kati ta zo, wadda ba ta aiki da fim, bai canja ba. In ya buga maka hotonka, sai ya goge na ciki, ya juyo maka kyamarar ka gani da idonka babu.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce wannan ai wahalar da kai ce. To, mutanenmu suna son hoto, amma son da ake yi wa wuta ne: a murhu ana so, a jikin danga ba a so. Hoto in ya faɗa hannun maƙiyi, wani ya ce wurin boka za a kai, wani ya ce dangin miji za a nuna wa a ce ga ta nan tana dariya kusa da wane. Don haka a wurin Kawu, abin da ka biya ba na takarda ba ne. Shi ne abin da ya ɗaure shi. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In hotonka ya ɓulla inda bai kamata ba, ka san shagon da za ka je ka kama rigar mai shi. Wanda ya ɗauke ka kyauta fa, ta ina za ka kama rigarsa?

Wannan tambayar ba a iska yake yin ta ba, da mutum ɗaya yake. Malam Lawan, tsohon malamin gona a Kibiya. Shi ma yana da kyamara, wadda ta fi ta Kawu kyau ma, amma bai taɓa sayar da hoto ba. Yana kan kekensa yana zaga ƙauyuka, ya ga shanu suna tsallaka rafi ya ɗauka, ya ga mata suna casa a Durba ya ɗauka, ya ga tsoho yana gyangyaɗi a gindin rumbu ya ɗauka. Wani lokaci ya wanko ya kawo wa mutum kyauta, wani lokaci shiru kake ji. Kowa da abin da yake faɗa a kansa. Filanin wajen Kahu suka ce ƙirgar shanu yake yi wa gwamnati don a dawo da jangali, in sun hango kekensa sai su kora garke bayan dutse. 'Yan kasuwa suka ce Turawa yake sayar wa, su nuna wa 'yan'uwansu irin talaucinmu. Wasu suka ce a'a, karatu ne ya yi masa yawa. Ba wanda ya taɓa kama shi da komai. Wannan ne ma ya ƙara ɗaga wa Kawu hankali, don a ganinsa ɓarawon da ba a taɓa kamawa ba shi ne babban ɓarawo.

Baba Tela ya ba ni labarin wata rana da suka haɗu a wani suna. Malam ya ce, "Haba Idi, ni fa ba kasuwarka nake so ba. Sha'awa ce kawai."

Kawu ya ce, "Sha'awa a kiwon tattabara ake yi, Malam, ba a fuskar mutane ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Nakan zauna in ce, da Kawu zai leƙo gidan biki ɗaya a Rano yau, me zai ce? Mutum ɗaya mai kyamarar kyauta ya hana shi sakat shekara da shekaru. Yanzu kowa Malam Lawan ne. Amarya ta fito, kafin ni da aka ɗauka aiki in saita hannu, wayoyi sun tashi sama kamar ana addu'ar ruwa. Kafin in koma gida in tace nawa, nasu ya zaga gari, har ƙawar amarya da ke Legas ta ce gwaggwaron bai zauna ba. Kuma kowa da filtarsa. An taɓa kawo min hoton wata amarya a ce in buga, baƙa kyakkyawa da na san ta tun muna yara, na duba na ga wata Balarabiya da ban taɓa gani a unguwarmu ba. In babur ya kaɗe mutum a hanyar Rurum, kafin a sami mai ɗaga shi an sami masu ɗaukarsa. Ba wanda ya biya, ba wanda aka sallama, kuma fuskar kowa tana kwana a aljihun kowa.

Ni ɗin ma da ake biya, me nake mayarwa? Babu nagatif a waya. Wata Hajiya ta taɓa tsare ni a ƙofar biki ta ce in goge ta, na goge a gabanta, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ba ta yarda ba. Na rantse, ta ce rantsuwar mai waya ba ta kai bakin ƙofa. Kuma tsakani da Allah tana da gaskiya, don wayar tana da wani lungu da take ajiye abin da aka goge, kamar tsohuwar da ba ta zubar da tsumma. Ina ga da Kawu ya ga wannan zamani sosai, ba zai ce komai ba. Zai rufe shago ya koma noman gyaɗa, yana tafiya da rawani har ido.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami bana, ban ɗauko bara ba, Iya ce. Idonta na hagu ya tafi tuni, na daman ma yana bin sa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce, "Maigida, zo nan."

Na ce, "Amarya, in saki kike nema ba zan bayar ba."

"Rufe min baki, mijin banza mai yawon biki. Zauna." Ta murza bakin zane. "Mai shagon nan... babu hotonsa ko ɗaya?"

Mai shagon nan. Haka take ce masa. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, ga ta kuma da jinin Filani ta wajen uwa, kunyar tata ninki ce. Ko ranar da ya rasu, da aka shigo aka faɗa mata, cewa ta yi Allah Ya jiƙan Musulmi, ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Na ce, "Iya, me za ki yi da hoto, ke da kika haife shi?"

Ta ce, "Ban taɓa ƙare masa kallo ba." Ta faɗa kamar tana faɗin farashin gishiri. "Da aka haife shi kai na kawar, goggonsa ta ɗauke shi. Ya girma, in ya shigo gaishe ni bango nake kallo. Na san takunsa, na san tarinsa, ƙafarsa ko a cikin dubu zan nuna maka. Fuskar ce in na nemo ta a raina sai ta ƙi tsayawa. Ina so in gani kafin wannan ma ya rufe."

Ranar ban sami abin tsokana ba. Na tashi na fita.

Sai ka ce ai abu ne mai sauƙi, neman hoto a gidan mai hoto. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin Rano bai taɓa zama gaban kyamarar wani ba, don bai ga wanda zai ba amanar fuskarsa ba. Na birkice akwatinsa, na tambayi matarsa, na tambayi mahaifiyata. Abin da aka samu katin zaɓe ne, hoton da ke jikinsa ɗan mitsitsi, baƙi ƙirin kamar an shafa masa gindin tukunya. Na kai wa Iya ta kara a ido ta ce, "Wannan ai kowa ne." Wani abokina mai shagon cajin waya ya ce in kawo katin da hoton mahaifiyata, na'ura za ta haɗa ta fitar da Kawu sak. Na kai. Ta fitar da wani kyakkyawan mutum mai sheƙin goshi yana yi wa duniya murmushi. Na ce masa ya goge. Kawun da zai yi wa baƙo irin wannan murmushin ba Kawuna ba ne, kuma ba zan yaudari tsohuwa da ragowar idonta ba.

Baba Tela ne ya ga ina ta zirga-zirga, ya dakatar da keken ɗinkinsa ya ce, "Kai Sabo, je ka Kibiya."

"Wurin wa?"

"Wurin mutumin nasa mana. Wa ya taɓa ɗaukar mutum bai tambaye shi ba in ba shi ba?"

Na ari babur na kama hanya, ina tafe ina saƙa da warwara. Mutumin da Kawu ya yi ta yi wa kallon ɗan leƙen asiri, yau ni ne zan je ƙofarsa da roƙo. Na ce lallai yau zan ji farashin kyauta. Ko ya ce in zo in riƙa yi masa aiki, ko ya ce sai an zo an ba shi haƙuri a bainar jama'a, ko ya ce sai ya ɗauki Iya. Na ƙudurta a raina in ya ambaci Iya, babur zan tayar.

Na same shi a zaure, ya tsufa, gemu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya dube ni ya ce, "Ba sai ka faɗa ba. Wannan kallon na Idi ne, kamar na saci akuyarku." Ya sa aka kawo fura. Ban sha ba sai da na ga ya kurɓa.

Ya shigar da ni ɗakin da yake ajiya. Kwalaye ne jere a kan benci, an lulluɓe su da leda saboda rufin yana yoyo. Ni kuwa idona yana ta yawo, ina neman alamar arzikin Turawa. Tsohuwar rediyo na gani, da keke ba taya, da buzun salla. Na ce a raina in dai da gaske Turawa yake yi wa aiki, to sun cuce shi. Bai yi wani dogon bincike ba, ya ɗaga kwali ɗaya ya zaro ambulan daga ƙasa, kamar jiya ya ajiye.

Kawu ne. Yana da sauran ƙuruciya, a bakin wata kasuwa, ya sunkuya yana gyara wa wani tsohon Bafillace rawani kafin ya ɗauke shi. Da alama tsohon ya faɗi wani abu, don Kawu ya ɗago kai yana dariya, baki buɗe, hasken rana ya sauka a fuskarsa gaba ɗaya. Ni da na taso a gabansa ban taɓa ganin wannan dariyar ba.

Na ce, "Malam, ya san ka ɗauka?"

Ya ce, "Ya gan ni. Bai yi magana cikin mutane ba. Bayan kwana biyu sai ga shi a zauren nan, ko zama bai yi ba, ya ce, Malam, fuskata tana wurinka, sa mata kuɗi. Na ce Idi, ban taɓa sayar da hoto ba, ba zan fara da kai ba. Ga hoton, ga nagatif, ɗauki abinka. Ya ce in ba kuɗi hannunsa ba zai taɓa ba. Na ce to in ƙona? Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce ba a ƙona aiki irin wannan. Ya juya ya tafi. Daga ranar duk inda muka haɗu, ya ce Malam, ka sa kuɗi? In ce Idi, ka karɓa? Har Allah Ya yi masa cikawa."

Haka ya faɗa. Mamaci ba ya musu. Wai Kawu ya yabi aikin wani, wanin ma Malam Lawan, wannan kam na ajiye shi a gefe, ban ɗauka ba, ban zubar ba. Amma maganar mai ƙin sayarwa da mai ƙin karɓar kyauta sun sa hoto a tsakiya sun tsaya har mutuwa ta raba, wannan ta yi kama da su duka biyun.

Na ce, "To Malam, don Allah ba raini ba, kai me kake samu? Ka sayi fim, ka biya wanki, ka sha zagi."

Ya ce, "Kawunka yana ɗaukar mutum yadda mutumin yake so a gan shi, don shi ya biya. Ni ba wanda ya biya ni, don haka ina ɗaukarsa yadda yake in ya manta ana kallonsa."

Na ce, "Wato satar fuska ke nan."

Ya yi dariya har da tari. "Haka shi ma ya ce."

Na tambaye shi don me bai kawo ba da aka yi rasuwa. Ya ce ya zo gaisuwa da ambulan ɗin a aljihu, aka shigar da su wurin Iya, ya ga matar da ko hawaye ba ta yarda an gani ba, ya san ba za ta karɓi hoton ɗan fari a gaban mutane ba. Ya naɗe ambulan ɗin a leda, har da nagatif, ya miƙo min ya ce, "Kai mata. Nata ne." Na jira sauran maganar, wato sharaɗin. Babu. Na yi godiya ina ja da baya, har na hau babur ina jiran ya kira ni. Bai kira ba.

Ni ba Kawu ba ne, kyauta ba ta taɓa ƙona min hannu ba. Ina tafe hadari yana haɗuwa a bayana, ina ta tsara abin da zan yi: in isa gida in sami haske mai kyau in ɗauka da waya, in buga babba a sa a gilashi, in raba wa dangi, in ɗora a sitatus kowa ya yi masa addu'a.

Na shiga da sallama na ce, "Amarya, tukuici! Na samo."

Ba ta miƙo hannu ba. Ta ce, "A wurin wa?" Na faɗa. "Me ka ba shi?"

"Kyauta ya bayar."

"Shi mai fuskar ya sani?"

Na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da ka sa kuɗi, ka karɓa. Can ta ce, "Ina wayarka?" Na nuna mata. "Kawo." Na ba ta, ina tsammanin fitila take so in kunna mata. Sai ta ɗaga cinya ta tura ta ƙarƙashi ta zauna a kai. Sannan ta karɓi ambulan ta ce, "Ɗage min labulen nan rabi, haske nake so. Ka fita. In ka leƙo ban yafe ba."

Na zauna a kan turmi a tsakar gida. Ba kowa sai kaji. Na ji ƙarar leda, daga nan shiru, shirun da ya yi tsawon da har na fara tunanin ko idon ya ƙi, ko na makara. Iska ta taso, aka fara yayyafi, ban motsa ba. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ba irin wadda take yi mana faɗa da ita ba.

"Idrisu."

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Sannan ta ce, "Ashe wushiryata ka ɗauko."

Na sunkuyar da kai. Ba don ni aka yi maganar ba, kuma da ta san zan rubuta ta a jarida da ta fasa min kai da muciya. Na rubuta ne don ban san wata hanyar da zan gaya muku abin da hoton ya yi ba.

Da ta kira ni, ta mayar da komai cikin leda, ta ɗaure da zare ta ƙulle tam. Fuskarta a bushe, kamar ba abin da ya faru. Ta ce, "Ruwa na ɗaukewa ka mayar masa."

Na ce, "Iya! Ya ce naki ne fa."

"Shi mai abin bai karɓa ba, ni zan karɓar masa a bayan idonsa? Kallo na ara, na kuma gama."

"To ki bari in ɗauka ko sau ɗaya, ko don jikoki."

"Don jikoki ko don 'yan wayarka? Kai da ko tuwon gidan nan sai ka nuna wa duniya kafin ka ci? Mutumin nan shekara da shekaru yana riƙe da shi, ko matar mamacin ba ta san da shi ba. Tsakanin kai da shi wa zan ba ajiya?"

"Idon naki fa? In kika so sake gani?"

Ta ce, "Na sa shi inda ciwon ba ya kaiwa. Tashi, Maigida. Wayarka tana nan sai ka dawo."

Ka ji fa. Duk zargin da gidanmu ya yi shekaru yana yi wa Malam Lawan, ranar a kaina ya sauka. Na mayar. Malam ya karɓi ledar, ya dubi ƙullin zaren, bai tambaye ni komai ba, ya ce in gaishe ta. Na san abin da wasunku suke cewa yanzu: ai a hanya akwai masu waya, Sabo ba zai rasa dabara ba. Ban kwance ba. Amma ku yi ta zarginku, ba zan ji haushi ba, a gidanmu zargi gado ne.

To me ya rage na Kawu Idi bayan shekara bakwai? Shagon yanzu gas ake sayarwa a ciki. Kyamarar tana akwati, ba mai gyara irinta. Abin da ya rage yana ƙasan adakar tsofaffi a Rurum da Kahu da cikin garin Rano: ambulan, hoto, da ɗan baƙin fim a gefensa, kowa da fuskarsa a hannunsa, ba wanda yake da irinta a duniya sai shi. Ban san wani mai hoto a yau da zai iya yi wa mutum wannan alkawarin ba, har da ni.

Wa ya fi gaskiya tsakanin mai sana'a da mai sha'awa, wannan ba zan yanke ba. Mai sana'a ya mayar wa kowa fuskarsa, ya tafi bai bar wa uwarsa tasa ba. Mai sha'awa ya ɗauka ba izini, kuma da bai yi haka ba da tsohuwa ta shiga duhu ba ta san ɗanta yana da wushirya ba. Duk da haka ban saki jiki da Malam ba. Zato zunubi, na sani. Amma ya tsufa, kwalayen nan cike suke da matan mutane da shanun mutane, kuma na ga jikokinsa a ƙofar gida, kowanne da waya a hannu. Ranar da ya bi Kawu, wa zai kira shaida ya sa wuta, ko wa zai ci gaba da rufe leda? Wannan tambayar da Kawu yana nan da tuni ya je ya yi ta, ba kunya.

Idon Iya yanzu sai inuwa take gani. Ba ta sake tayar da maganar ba, ta koma ce masa mai shagon nan.

Mai kula da wannan shafi ya ce in haɗo da hoton mamacin, wai haka ake yi, ba a rubutun tunawa da mamaci ba fuska. Na ce masa akwai, guda ɗaya, yana Kibiya, kuma ba zai samu ba. Ya ce to masu karatu fa? Na ce masu karatu su yi masa addu'a, addu'a ba ta neman hoto kafin ta gane mai ita. Wadda ta fi kowa haƙƙin ganinsa ta gan shi, ta ce ya isa.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa mutane a nan.